Ranar da na wanke injin akori-kurar Baffa

Ni ne mai laifi, ba tsohon bakaniken ba. Na san haka tun ranar da abin ya faru, amma sai da na yi kusan wata biyu ina kallo ana ɗora masa, bakina a rufe. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na firamare na tsaya, don haka zan faɗi abin ne yadda ya zo mini.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara yawo a ƙasar nan, har mai ƙaramin ƙarfi ya fara sayen rediyo da sabon keke, ƙanin mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, ya sayi akori-kura. Ba sabuwa ba ce, ta sha hannu kafin ta zo mana, amma tana da ƙarfi. Baffa yana sayen gero da dawa a ƙauyukan Roni da Gwiwa, mu kai kasuwar Babura, mu dawo da awaki ko da fasinja, wani lokaci da duka biyun a cakuɗe. Ni ne direba. Ga ƙuruciya, ga sabon lasin, ga sabon aure, ga son gayu. Kullum da safe sai na wanke jikin motar na goge gilashi, na sa mata labule mai geza a gaba, na rataya turare a jikin madubi. Abu ɗaya ne yake ɓata mini rai. Duk lokacin da na ɗaga murfin inji don in duba ruwa, sai in ga ciki baƙi ƙirin, baƙin mai ya haɗu da ƙasar hanya ya zama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Nan an ɗaure da waya, can an naɗe da tsumma, can kuma da guntun robar tayar keke.

Duk waɗannan ɗaure-ɗauren aikin bakanikenmu ne. Dattijo ne Kirista, daga wajen ƙasar duwatsu ta tsakiyar Najeriya ya zo, ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Garejinsa gindin wata darbejiya ce kusa da tasha, da akwatin sifanu da tabarmar da yake shimfiɗawa ya shiga ƙarƙashin mota. Duk direbobi Baba muke ce masa. Da kunne yake gyara. Kana shigowa kafin ka kashe mota ya riga ya faɗa maka abin da ke damunta. Na sha yi masa ƙorafin ƙazantar injin, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce in bar masa dattinsa, don da shi yake gane inda mai ke tsatsa, sabon jiƙo daban, tsoho daban. Ni a raina ina cewa ƙiwa ce kawai irin ta tsofaffi.

A shekarar ne Baffa ya biya wa mahaifiyarsa, kakarmu, kujerar Makka. Iya muke kiranta. Ita ce mace ta farko a ƙauyenmu, can bayan Gwiwa, da ta taɓa hawa jirgin sama.

Ana saura kwana kaɗan ta dawo, na fara jin warin fetur a mota, na kai wa Baba. Bai daɗe yana dubawa ba ya gano wani ɗan huji kamar na allura a jikin siririn bututun ƙarfe da ke kai fetur cikin inji. Ya ce ba shi da sabo, sai an kawo daga Kano, kuma zai ba wani direba saƙo. Sai ya buɗe akwatinsa ya ɗauko guntun sabulun salo, ya murza shi a tafin hannu har ya yi laushi, ya liƙe hujin da shi, ya naɗe da yankin tsumma ya ɗaure tam. Na tsaya ina dariya, na ce yau kuma wanka za a yi wa bututu. Ya ce fetur ba ya narkar da sabulu, zai riƙe mu lafiya har sabon ya iso. Daga nan ya kama gefen rigata, ya dube ni sosai.

"Ɗana, abu biyu. Kada ruwa ya taɓa wajen nan. Kuma ka faɗa wa Baffanka na liƙe ne kawai, ban gama ba."

Na ce to, Baba. Da bakina na ce to. Amma ina isa gida na tarar an aiko cewa jirgin su Iya ya kusa sauka, gida ya rikice da shiri, ana ta daka, ana ta aike, maganar bututu ta fita daga kaina. Baffa bai ji komai daga gare ni ba.

Ana gobe za ta iso, Baffa ya ce in gyara motar sosai, ba ya son Hajiya ta shiga mota mai warin akuya. Wannan umarni ya yi mini daɗi ƙwarai. Na ce yau ba jiki kaɗai ba, har hanjin motar nan sai ya ga ruwa. Na sayi galan na kananzir, na tattara tsummoki da soso da tsohon buroshin haƙori. Matata ta tambaye ni ina za ni da kayan wanke-wanke, da na faɗa mata sai ta yi ta dariya, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin na wanke ko cokali ba. Duk da haka ita ce ta ba ni dabarun da suka fi amfani. Ta jiƙa mini tsamiya ta haɗa da toka, irin yadda suke goge tasar tagulla, ta ce in gwada a kan duk wani jan ƙarfe. Ta ƙulla mini kanwa a ƙyalle, da ɗan man gyaɗa a kwalba.

Na kai motar bakin tafki da hantsi, na faka a inuwa, na bar injin ya huce. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na ranar ba. Na san ruwa ba ya shiri da wayoyin wuta, don haka na rufe su da leda na ɗaure, na toshe bakin da iska ke shiga. Sannan na bi ko'ina da kananzir da buroshi, na bar shi ya jiƙa. Dattin nan na shekaru ya fara saki yana gangarowa kamar kunun da ya tsinke. Ƙarƙashinsa sai ga launi. Ashe injin nan yana da fenti, ashe akwai rubutu da lambobi a jikinsa. Na jiƙa kanwa a ruwan ɗumi na zuba a kan batir, farin gishirin da ya taru a kai ya yi ta tafasa yana ƙara, ya wanke tas. Na ɗauko tsamiya da toka na hau goge saman lagireto, wato tankin ruwan da ke gaban inji. Ina gogewa yana yin ja, ina ƙarawa yana ƙyalli, har na fara ganin fuskata a ciki. Matan da ke wanki a gefe suka bar wankinsu suka zo kallo. Wata tsohuwa ta ce in na gama ta kawo mini tasoshinta. Wani mai shayar da jakai ya ce shi bai taɓa sanin cikin mota ana iya kallonsa a ji daɗi ba. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake yi.

Cikin wannan zumuɗi na bi duk tsumman da na gani a ɗaure na yanke da reza. Na kwara ruwa na sa soso, sai na ga wani waje yana kumfa. Nan take na tuna. Na san sabulun Baba ne, na san abin da ya ce mini, har da kama rigata da ya yi.

A wannan lokacin, da a ce na tsaya na sake liƙewa, da ba ni da labarin da zan bayar yau. Sabulu ba wuya yake yi ba, matan nan ma suna da shi a hannu. Amma na dubi injin nan yana sheƙi, na yi tunanin baƙin dunƙule da tsumma a tsakiyarsa, na ji ba zan iya ba. Na goge bututun da toka har ya yi fes, na kai ido kusa ban ga huji ba, na ce wa kaina tsohon nan ya cika tsoro. Na tayar da mota ta tashi lafiya. Ko'ina a jiƙe yake, ba yadda za a gane ruwa daga fetur, ni ma ban so in gane ba. Na shafe duk robobi da man gyaɗa suka yi baƙi sumul, na rufe na tafi gida ina waƙa.

Washegari Lahadi ce. Motar alhazai daga Kano ta sauke su Iya a tashar Kazaure da safe, tasha ta cika da 'yan tarya. Baba yana coci, gindin darbejiyarsa ba kowa, ba don haka ba, da kunne kaɗai zai kama ni. Kafin a gama gaishe-gaishe na ɗaga murfin inji kamar zan duba ruwa, na bar shi a buɗe. Direbobi suka taru. Wani ya rantse sabon inji Baffa ya saka a ɓoye. Wani ɗan Babura ya shafa saman lagireton ya ce ko motar gwamnati ba ta kai wannan ba. Baffa da kansa ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Iya ta fito da farin mayafi da laima, tana dariya, haƙorin Makka yana walƙiya a bakinta. Da ta gan ni ta ce wa mutane ga mijinta ya zo ɗaukarta, irin wasan da ke tsakanin kaka da jika, ta ce ta ga samari a Makka da Madina amma ta ƙi su duka saboda ni, ga shi ta dawo ta tarar na rame. Na ce ai rashin tuwonta ne. Muka sa ta a gaba tsakanina da Baffa. Baya kuwa aka loda akwatinta da darduma da jarkar zamzam da buhun dabino, mata 'yan uwa suka hau kan kayan, muka kama hanyar Gwiwa ana guɗa.

Tun ba mu yi nisa ba Iya ta ce tana jin wari. Na ce kananzir ɗin wanki ne yake ƙonewa. Ta ce to, ita dai ta shiga jirgi ya yi ta tafiya a sama bai yi mata wari ba. Ta ci gaba da ba mu labari, yadda aka kawo mata abinci a ɗan faranti mai murfi ta ɗauka tsaraba ce ta ƙulle a mayafi, yadda ta leƙa taga ta ga gajimare a ƙarƙashinta ta yi ta salati, yadda ta haɗu da mutane fari da baƙi kowa da harshensa amma sallarsu ɗaya. Baffa, wanda ba shi da yawan dariya, ranar har da share hawaye. Warin yana ƙaruwa, ina ƙara buɗe gilashi, ina murmushin dole.

Mun wuce Gwiwa, saura tafiyar da ba ta fi ta ƙafa daga azahar zuwa la'asar ba, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Allurar da ke nuna yawan mai ta daɗe da lalacewa, da kara muke aunawa. Na zura karan a tanki ya fito a bushe, alhali na zuba man da zai kai mu ya dawo da mu. Na ɗaga murfi. Gefen injin duk a jiƙe da fetur, ga hujin nan yanzu a fili, sosan da na yi da toka ya ƙara buɗe shi. Duk hanya muna tafe ne muna feshin fetur kusa da ƙarfe mai zafi. Allah ne kaɗai ya tsare mu da gobara, da tsohuwa a gaba da mata a baya.

Baffa ya tsaya a kaina ya tambaya me ya faru. Nan na yi abin da ya fi wankin muni. Na nuna masa hujin, na ce wannan bakaniken ya ɓoye shi ne a ƙarƙashin datti da sabulu, da ban wanke ba da ba mu taɓa sani ba.

"Bai faɗa maka ba?" in ji Baffa.

"Bai faɗa mini ba, Baffa."

Baffa ya ce to shi ke nan.

Abin da ya biyo baya kuwa har yau ana ba da labarinsa a ƙauyenmu. Akwai wani Bafulatani da ke zaune kusa da hanyar, mai kiwo kuma mai noma. Da ya ji cewa Hajiya ce daga Makka, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta ba shi dabino da kurɓin zamzam, shi kuma ya koma ya jawo shanun nomansa guda biyu da igiya. Aka ɗaura a gaban mota. Na zauna a sitiyari ina juyawa, shanu suna ja a hankali, shi yana gaba yana yi musu magana da Fulatanci. Matan baya suka ƙara ƙarfin guɗa. Iya ta fito da laimarta ta taga ta buɗe. Mutanen gonaki suka biyo mu, kafin mu isa bakin gari mun zama ayari. Da aka fito da ita ta ce wa jama'a ta je da jirgi ta dawo da shanu, kuma shanun sun fi, don su sun bar ta ta ga kowa kowa ya gan ta. Aka ci aka sha, aka raba dabino da hula da carbi. Dattawan gari suka sa na buɗe musu injin, suka yi ta yabawa, ko da yake ba ya tashi. Wani ya ce motar nan ta yi kyan da ya wuce a wahalar da ita, shi ya sa ta ɗauki hayar shanu.

Bayan kwana biyu aka kawo mana mai a jarka, wani ya ɗaura guntun tiyo a wajen hujin, muka lallaɓa muka koma Kazaure. Baffa ya hana ni sake kai mota gindin darbejiya. Ya je da kansa ya faɗa wa Baba, a gaban mutane, cewa ya kusa ƙona masa uwa. Ban je ba, amma an ce Baba ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko direba ne ya ce bai faɗa masa ba, aka ce e, sai ya ce to, Allah ya kyauta, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Labari ya bazu a tasha. Aka fara kiransa mai sabulu. Direba zai wuce ya ɗaga murya ya tambaye shi ko akwai na wanka. Waɗanda suka yi shekaru suna kai masa mota suka fara kaiwa wani wajen, tunda maganar daga bakin Baffa ta fito, shi kuwa Baffa ba a san shi da ƙarya ba. Ni kuma a daidai lokacin tauraruwata ke haskawa. Direbobin Babura da na Roni suna kawo mini motocinsu bakin tafki ranar da ba kasuwa, ina nuna musu kanwa da tsamiya da man gyaɗa, ana hira ana dariya, ana gasa masara. Na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ce ban ji ba. Sai dai duk wanda ya zo nakan ce masa kada ya yanke kowane tsumma sai ya tambayi wanda ya ɗaura. Kuma na daina bi ta gaban darbejiya, ina zagayawa ta bayan kasuwa.

Wata ranar Talata na dawo daga Babura da la'asar, matata ta miƙo mini wani abu dogo a naɗe cikin takardar siminti. Ta ce Baba ne ya kawo da kansa, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Ya ce a ba ni, sabon bututun ne ya iso daga Kano tun tuni, ya yi ta jira in wuce ban wuce ba. Ya ce tiyon da aka ɗaura mana fetur yana cin sa a hankali, kada in ɗauki mutane a kansa, in ba na son zuwa wajensa in kai wa duk wanda na ga dama ya ɗaura. Ta ce har ya tambayi lafiyar Hajiya.

Ta tsaya tana kallona ina jujjuya bututun. Sai ta ce, a hankali, ita dai ba ta san mota ba, amma mutumin da ya ɓoye huji ba ya aika a sayo abin toshe shi. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in ci abinci tukuna, don Baffa ba a tunkararsa da yunwa.

Na sami Baffa a rumfarsa yana duba buhunan gero. Na durƙusa na faɗa masa cewa an gaya mini, an ma ba ni saƙo zuwa gare shi, ni na wanke sabulun da hannuna ina sane, sannan na yi masa ƙarya a gefen hanya. Na zaci zai karɓe makulli. Sai ya ce abin da ke tsakanina da shi mai sauƙi ne, ɗa ne da uba, amma na sa shi ya ci mutuncin dattijo a bainar jama'a, don haka ba a ɗaki za a gyara ba. Ya ce gobe da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika, zai sa rigarsa mu tafi tare, shi ma yana da tasa maganar, amma ni zan fara.

Haka aka yi. Na faka motar a gindin darbejiya, Baffa ya aika aka kira direbobi, suka taho suna zaton wani sabon wanki zan nuna. Baba yana zaune a kan akwatinsa yana goge sifana. Na cire hulata, na durƙusa a kan tabarmarsa mai baƙin mai, na ajiye bututun a gabansa. Na ɗaga muryata yadda na baya za su ji.

"Baba, ka faɗa mini. Ka ce kada ruwa ya taɓa wajen, ka ce in gaya wa Baffa, na ce to. Ni na wanke gyaranka don in burge mutane, da asiri ya tonu na ce ba ka faɗa ba. Duk abin da aka kira ka da shi a tashar nan ni na jawo maka, kai ba ka yi komai ba sai alheri. Na zalunce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."